Beben da Na Sayo

Daga Ƙwanni aka kawo shi, cikin kwalin taliya,
haƙora arba'in da tara, farare da baƙaƙe,
ɗaya ya gutsure kamar na tsohon ɗan dambe.
Na ɗora shi kan teburin guga a ɗakina na Mabera,
na danna. Shiru.
Na danna da ƙarfi. Shirun ya ƙara faɗi.

Inno Ige ta ɗaga labule:
"Wanga na abin da kas saida akuyakka don shi?
Bebe aka ba ka, yaro."
Na ce ba bebe ba ne, ɗan aike ne.
Ba shi da maƙogwaro, saƙo kawai yake kaiwa:
wane haƙori aka taɓa, da wane nauyi, zuwa yaushe.
Muryar tana can cikin kwamfuta, tana jira.
Ta saki labule ba ta ce komai ba,
wanda ya fi magana ciwo.

Babu waya a kwalin.
Na taka har Gawon Nama da rana tsaka,
kwalta tana lasar takalmina,
Nomau mai hoton takardu ya zaro wata
daga bayan matacciyar firinta,
ya hure ƙura, ya ce in na yi suna kada in manta shi.

Na soka. Wata 'yar fitila shuɗiya ta buɗe ido.
Kwamfuta ta ce sai an kawo direba.
"Mota ta kuma?" in ji Inno daga tsakar gida.
Saukewa ta kai tamanin da uku cikin ɗari,
data ta ƙare.
Na sayo ta ɗari biyar, wuta ta ɗauke,
fanka ta yi juyi uku na bankwana.

Da sauran numfashin batir na shiga manhaja,
na lalubo sunansa a jerin baƙi,
na buɗe masa ƙofa, na ba shi layi guda,
na aro masa muryar fiyano.
Na danna.
Ta zo, amma a makare,
kamar guga a rijiya mai zurfi:
ka saki yanzu, sai can ka ji tsulum.
Na rage lambar jinkiri, na ƙara ragewa,
sifika ta hau ƙara kamar ana suyar fara.
Na koma ɗari biyu da hamsin da shida.
Nan yatsa da kunne suka gaisa.

Sai ga Baba Arzika, ya zo neman cajin waya,
shi da ya shekara talatin yana wa mahautan Kara kalangu
kafin rawar hannu ta karɓe masa makaɗi.
Ya saurara, kai a karkace.
"Kiɗinka ba ya magana.
Kowace murya tsaye ƙiƙam kamar ɗan sanda.
Ina hammatar abin? Ina ake matsawa?"

Na rasa amsa.
Shi ne ya ga ƙaramin gare-garen da ke gefen hagu,
wanda na ɗauka ado ne.
Na sa masa muryar ganga, na faɗaɗa iyakar lanƙwasa.
Yatsa ɗaya a haƙori ɗaya,
babban yatsa kan gare-gare,
ya buga, ya murza, ya saki.
Sautin ya hau, ya durƙusa, ya yi tambaya.
Rawar hannun ma ta shiga ciki, ta zama gishiri.

A tsakar gida faifai ya faɗi.
"Wa ka kirana da sunan yarinta?"
Baba Arzika bai ɗaga kai ba,
ya maimaita, a hankali, har sau biyu.

Allon ya yi baƙi a ta uku.
Muna zaune cikin zufa mu biyu,
sai na tuna jan maɓallin ɗauka:
ban danna shi ba.

Inno dai tana tsince gero daga ƙasa,
tana amsawa ƙasa-ƙasa.